Yadda Na Kai Wa Baba Kosi Jirginsa Kwatano

Tun da na dawo daga Kwatano ban yi aikin kirki a shago ba. Wannan ya shigo ya zauna a benci ya ce in ba shi labari, kafin in kai rabi wani ya shigo a ce in koma farko. Ranar Lahadi bayan sujada ma tsare ni aka yi a ƙofar coci, har Saratu matata ta gaji da jira ta wuce gida. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, duk wanda ya tambaya in miƙa masa takarda in ci gaba da aikina.

Sunana Ishaya, kafinta ne ni a nan Zuru. Wanda ya koya mini sana'a wani mutumin ƙasar Benin ne, Baba Kosi. Aikin rufin wata makaranta ya kawo shi garinmu, sai ya zauna shekara ashirin da wani abu, har ya iya yarenmu C'lela fiye da wasu 'ya'yanmu na yanzu. In an tashi aiki, shi ba ya zuwa hira. Ƙananan jiragen ruwa yake sassaƙawa, irin na da waɗanda ba su da inji, iska ce ke tura su da manyan ƙyallaye. Da zai koma gida Kwatano sai ya ba ni wata tsohuwar takarda mai zanen jirgi, da ƙashin jirgin da ya fara bai gama ba. Ya ce, "Ka ƙarasa shi." Na ce to. Na ɗora a saman kabad, ya yi shekara goma sha huɗu a wurin.

Bara sai 'yarsa Afi ta kira ni. A Zuru aka haife ta, ni nake kai ta makaranta a keke. Ta ce ciwon suga ya taɓa idon Baba, ƙarfinsa kuma yana raguwa. Ta miƙa masa wayar. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Ishaya, ka gama jirgin?"

Na ce, "Saura kaɗan, Baba."

Ƙarya na yi wa mutumin da ya ba ni abin da nake ci da iyalina. A ranar na sauko da jirgin.

Wata goma sha ɗaya na yi a kansa. Rubutun takardar Faransanci ne, ban iya ba, amma lamba lamba ce: kowane inci ɗaya a zane ƙafa huɗu ne a jirgin gaske. Haƙarƙarin da Baba ya yanka gara ta cinye bakwai, sai da na sake su. Jikin jirgin kuwa guntayen maɗaci na tsaga sirara, kamar kaurin kwali, in dafa su a ruwan zafi su yi laushi, in lanƙwasa kowanne a kan haƙarƙarin, in manne da gam, in kafe da tsinken gora. A rana in na sa biyu na yi ƙoƙari. Tukunyar da na ara ta rine ta yi ja, Saratu ta ce in riƙe ta kawai, ba ta so. Igiyoyin zaren ɗinkin takalmi ne da na goga wa kakin zuma. Ƙyallayen kuma farin alawayyo ne na tsoma a ruwan shayi don su yi kalar tsufa. Duk lokacin nan, in waya ta yi ƙara na ga lambar Afi, sai na ajiye abin da ke hannuna na zauna kafin in ɗauka.

Da ya kammala tsawonsa ya kai ƙafa uku da rabi. Yana da dogayen sanduna uku da ake ɗaura ƙyallayen, na kwantar da su baya na sassauta igiyoyin, da niyyar in na isa in tayar. Sannan na yi masa akwati dogo, mai faɗi ta gaba, tsukakke ta baya, na ɗaure murfin da sukurori takwas. Don sabo har na shafa masa banish. Ni da Saratu babu wanda ya lura da abin da ya yi kama da shi.

A tashar Zuru aka nuna mini. Direban motar Koko yana ganina da akwatin a kafaɗa ya cire hula, ya ce, "Allah ya ba da haƙuri, Oga. Shekararsa nawa?"

Na ce, "Wa?"

"Yaron."

Kafin in ba shi amsa wata mata da ta riga ta zauna ta kwashi kayanta ta fita, ta ce ita ba ta tafiya da gawa. Dole na fito da sukundireba na kwance murfin a tsakiyar tasha. Mutane suka taru. Wani ya ce kwalekwale ne, wani ya ce ai na coci ne, irin na Nuhu. Matar ta leƙa ta daɗe, ta koma ta zauna, amma har muka isa ba ta yi mini magana ba. Sau biyar na kwance sukurorin nan kafin in kai Kwatano.

Na kama kujera biyu a baya na ɗora akwatin a cinya. Wanda ya san hanyar Mahuta ba sai na faɗa masa ba. Duk ramin da muka faɗa sai in ɗaga akwatin sama da hannu biyu, in bar bayana ya sha dukan. A Koko na ci tuwon shinkafa da miyar kifi a tsaye, ƙafa ɗaya a kan akwatin, sannan na shiga motar Bagudo.

A Bagudo Allah ya haɗa ni da Hajiya Kulu, wata dattijuwa mai fataucin atamfa, wadda ta ce ta fi shekara ashirin tana bin hanyar Kwatano. Ita ba ta tsorata ba. Ta ƙwanƙwasa akwatin da yatsa ta ce, "Malam, mi ka ɗauko cikin abin ga? Ba shi da nauyin mutum."

Na ba ta labari tun daga farko. Ta ce, "Ka iya Faransanci?" Na ce a'a. "Dandanci fa?" Na ce a'a. "Ka canza kuɗi?" Na ce na ɗauka sai na isa. Ta girgiza kai ta ce, "To zamna kusa da ni. In na ce ka yi shiru ka yi shiru."

Muka haye Kwara ta gadar Tuga, muka wuce Ka'oje, muka isa iyaka a Tsamiya rana ta ɗaga. A ɓangarenmu ba a daɗe ba, aka duba takarduna da katin rigakafi, aka leƙa akwatin, aka yi dariya, aka ce in sauka lafiya. A ɓangaren Benin ne aka tsaya. Jami'in wani dogo ne mai natsuwa. Ya sa na buɗe, ya sunkuya ya daɗe yana kallo, sannan ya yi magana mai tsawo. Hajiya ta ce, "Wai kayan tarihi na. Wai irin wanga ba a ƙetare iyaka da shi sai da takarda, shi nuna daga ina aka ɗauko shi."

Ashe ruwan shayin da na tsoma ƙyallayen a ciki ya yi aiki fiye da yadda na so. Na ce ta gaya masa ni na yi shi da hannuna. Ya kalle ni, ya kalli jirgin, ya tambayi ko akwai teku a garinmu. Na ce duwatsu ne da gonakin dawa. Ya ce to a ina na taɓa ganin jirgi irin wannan? Na ce ban taɓa gani ba. Hajiya ta harare ni, don ban taimaki kaina ba.

Na nuna masa hotunan aikin a waya, bai gamsu ba, ya ce kowa na iya tsayawa kusa da aikin wani. Sai na tuna akwai guntun maɗaci da 'yar wuƙata a aljihun jaka. Na zauna a bencinsu na sassaƙa ɗan ƙaramin gargaren da igiya ke bi ta ciki, kamar ƙwayar wake, na huda shi da allura, na ajiye kusa da na jikin jirgin. Ya ɗauka ya juya a tafin hannu. Ya kira abokan aikinsa biyu suka zo suka gani. Daga nan ya duba agogo ya rufe littafinsa. Na ɗauka kama ni za a yi. Hajiya ta ce, "Lokacin cin abinci ya yi. Nan ƙasar in rana ta take, ko wa kake sai ka jira." Shi kuwa ya buɗe kwanonsa na shinkafa da wake ya tura mini cokali. Da muka gama ya buga mini hatimi, ya roƙi a ɗauke shi hoto da jirgin, ya kuma riƙe ɗan gargaren.

Direban da zai kai mu Kandi ya gaji da jira yana ta danna ham. Cikin sauri na rufe akwatin. Sai da muka yi nisa na sa hannu a aljihu na ji dunƙulen audugar da nake tokare sandar tsakiya da ita. Na ce wa kaina ba komai. Ba a jima ba motar ta daki wani rami, na ji ƙas a cinyata, ƙaramar ƙara, kamar an karya tsinken tsire. Na rungume akwatin har muka isa.

A Kandi Hajiya ta kai ni gidan mai masaukinta a zango, wani Alhaji mai sayar da goro. Hausa ake yi a gidan kamar kana Jega. Aka ba ni ɗaki da tabarma da bokitin ruwa, ba wanda ya tambayi addinina sai da lokacin salla ya yi, na ce ni Kirista ne, Alhajin ya ce to in tsare musu takalma. Kafin rana ta faɗi na buɗe akwatin a tsakar gida. Sandar tsakiya, wadda ta fi duka tsawo, ta karye biyu, igiyoyinta sun cukurkuɗe. Na zauna ina kallo. Ga shi layina ya daina aiki tun daga iyaka. Hajiya ta ba ni wayarta na kira Afi sau huɗu, tana shiga ba a ɗauka. Nan ne tsoron gaske ya kama ni. Na ce wata goma sha ɗaya mutumin nan yana jira, kada a ce yini ɗaya ne ya raba mu. Aka kawo tuwon masara na kasa ci. Hajiya ta ce, "Ci abincinka, Malam. Da wani abu ya faru, da wayar tana hannun mutane, wani ya ɗauka." Na ga maganarta da hankali, na ci rabi.

Da sassafe muka sha kofi da madarar gwangwani, da burodinsu dogo kamar taɓarya, mai tauri a baya, ciki kuma iska. Muka shiga babbar mota. Aka ce akwati sai a ƙasa cikin kaya, Hajiya ta yi ta zuba musu Dandanci har suka bari na shimfiɗa shi a ƙarƙashin ƙafafunmu.

Tafiyar yini guda ce. Abin da na fi lura da shi mata ne a kan babur, tsofaffi da 'yan mata, wata da goyo, wata da kwandon kaji, ba mai ko waiwayarsu. Fetur kuma a manyan kwalabe masu ƙaton ciki ake jera shi a bakin hanya, da farko na ɗauka man gyaɗa ne. Duk wanda ya shigo mota sai ya gai da kowa, wannan kam irin namu ne. A Faraku aka tsaya cin abinci. Sakwara ce da miyar gyaɗa, da wani cukun nono mai jan baya da suke kira wagashi, a soya shi a jefa a miya. Mu a Zuru in ba tuwon dawa ba ne ba mu cewa mun ci abinci, amma wannan na yi ƙari. Daga nan ƙasa ta fara canzawa, dawa ta ƙare, sai rogo da kwakwar manja, zafin kuma ya koma mai danƙo, riga na manne wa mutum.

Mun shiga Kwatano da la'asar sakaliya. 'Yan acaɓa ne ko'ina, dukansu da riguna ruwan ɗorawa, kamar an watsa tururuwa. Tun kafin motar ta tsaya nake leƙen taga. Na hango Afi a bakin rumfa, abin da na fara dubawa kayan jikinta ne. Atamfa ce mai furanni kore da ja, ba kayan makoki ba. Na sauko na nufe ta.

Ta ce, "Yaya Ishaya, ka yi furfura."

Na ce, "Baba fa?"

"Yana gida, tun safe yake faɗa da kowa wai ba a share ɗakinka da kyau ba."

Na zauna a kan buhun wani ban ma nemi izini ba. Na ce jiya na kira ta sau huɗu. Ta ce ta gani, ita ba ta ɗaukar baƙuwar lamba, masu damfara sun yi yawa. Hajiya Kulu ta yi dariya, ta ce in gai da tsohon, ta hau acaɓa ta tafi. Ko sunan unguwar da take sauka ban tambaya ba, abin yana damuna har yau.

Afi ta kalli akwatin ta ce, "Ba za ka shiga unguwarmu da wannan a haka ba. Kowa ya san Baba ba shi da lafiya, kafin mu kai ƙofa an fara kuka." Ta kwance mayafinta ta naɗe shi, muka ɗauki tasi.

A ƙofar gida wata tsohuwa ta tare ni da kofin ruwa. Na miƙa hannu zan karɓa, sai ta zuba kaɗan a ƙasa a bakin ƙofa, Afi ta ce in tsallaka, haka ake karɓar baƙon da ya zo daga nesa. Sannan aka ba ni sauran na sha.

Baba yana zaune a kujerar katako a baranda. Ya rame ƙwarai, idanunsa sun yi fari. Na durƙusa, ya laluba kaina da fuskata, ya gaishe ni da C'lela, ya tambayi mutanen Zuru ɗaya bayan ɗaya, rabinsu sun rasu. Da ya gama ya ce, "Ina shi?"

Na ce, "Baba, kafin in buɗe akwai magana biyu. Sandar tsakiya ta karye a hanya. Sannan ranar da na ce maka saura kaɗan, ko taɓa shi ban yi ba."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Na sani. Wa ya koya maka saura kaɗan? Ba haka muke gaya wa masu kujera ba, alhali itacen yana daji? Buɗe mini."

Na ɗora masa jirgin a cinya. Ya bi jikinsa da tafin hannu daga hanci har baya, a hankali, sau uku. Ya sa farce yana neman inda katako bai haɗu da ɗan'uwansa ba. Ni kuwa ina durƙushe kamar ranar da na fara kawo masa teburin da na yi. Ya ce, "Maɗaci ne." Na ce e. Ya ce, "Hannunka ya gyaru." Shekara tara na yi a ƙarƙashinsa bai taɓa gaya mini haka ba.

Washegari da safe muka yi gyara, shi da baki, ni da hannu. Ya ce kada in manne karayar yadda take, in fere kowane ɓangare a karkace su hau juna, in sa gam, in naɗe da zare. Da ya bushe na tayar da sandunan uku na ja igiyoyin. Ya bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, bakinsa na motsi. Ya tsaya a wata ya ce, "Wannan ina za ta?" Na nuna masa. Ya ce, "In matuƙi ya ja ta, ƙyallen baya zai juya, ba na gaba ba. Ka kashe mutane." Ya sami irinta guda shida. Na ce zan gyara, ya ce in bari.

A rana ta uku ya ce a kai shi bakin tafkin da ke bayan unguwarsu, za a sa jirgin a ruwa. Na ce, "Baba, na ado ne. Gam ɗin ba ya son ruwa." Ya ce shi bai taɓa yin jirgin da bai taɓa ruwa ba, ko sau ɗaya ne. Afi ta riƙe shi, ni na rungumi jirgin, muka tafi a hankali. Na naɗe wando na shiga har gwiwa, na ɗaura dogon zare a bayansa, na ajiye shi. Sai ya kwanta gefen hagu, ƙyallen ya kusa shan ruwa. Na cafke shi.

Baba ya ce, "Ya tsaya?"

Na ce, "Ya karkata."

"Dole. Cikinsa babu komai. Ɗaura yashi a leda ka tura can ƙasa, a tsakiya."

Na yi haka na sake ajiye shi. Ya yi 'yar rawa, sannan ya miƙe tsaye. Iska ta taso daga bayanmu, ƙyallayen suka cika, ya fara tafiya shi kaɗai, yana tsaga ruwa da hancinsa. Wasu masunta da ke gyaran raga suka bar aikinsu suka tsaya kallo. Na rasa yadda zan kwatanta wa Baba, sai na sa masa zaren a hannu. Zaren ya miƙe yana jan yatsunsa. Ya saki kaɗan, ya riƙe, ya sake saki. Can ya ce, "Ya isa. Jawo shi kafin gam ɗinka ya ba ka kunya." Na duba cikinsa, ruwan da ya shiga bai cika cokali ba.

Masu tambayata teku, na je na gani da yammar ranar. Ruwa ne da ba a ganin ƙarshensa, ga ƙara, ga gishiri. Na tsoma ƙafa ya ja yashin da nake tsaye a kai, na koma baya. Iyakar abin da zan iya faɗa ke nan.

Kwana biyar na yi. Dawowa ba ta da labari, hannuna babu komai sai jaka da wagashin da na sayo wa Saratu, na yi ta barci a mota har Kandi.

Kwana biyu da isowata Afi ta kira. Ta ce, "Yaya, ka bar mana aiki. Baba ya sa an ɗora jirgin a teburin cin abinci, ya kwance igiyoyin duka, ba shidan kaɗai ba. Wai zai sake ɗaura su da lalube. Mu yanzu a ƙasa muke cin abinci."

Na ce, "Igiyoyin sun fi ɗari. Zai ɗauki wata nawa?"

Ta ce, "Na tambaye shi. Ya ce ba sauri yake ba."

Na ce ta bar masa teburin, in na sake zuwa zan yi musu wani.